Makarar da Na Bi

Aikina kai baƙi ziyara a Madina. Ina da 'yar ƙaramar bas, da sassafe nake ɗaukar alhazai a ƙofar otal in kai su Ƙuba, in kai su Uhudu, in ratsa da su gonar dabino su yi ciniki, in dawo da su kafin azahar. Na yi wannan zagayen har motar da kanta ta san hanya. Zafin rana ba ya gajiyar da ni kamar yadda wata tambaya take yi, wadda kowace tawaga sai ta yi mini, da Hausa ko da Larabci ko da nuni da hannu: wannan kabarin na wane ne? In ce musu ban sani ba, a garin nan ba a rubuta suna a kan kabari. Sai su yi mini wani irin kallo, kamar na ɓoye amsar a aljihu. Wani alhaji ya taɓa ce mini direbobin garinsu sun fi haka ilimi. Na ce masa ai da ya taho da ɗaya.

A unguwar Ƙurban muke zaune, ni da matata da 'ya'yanmu, da Baba a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. 'Yan'uwana duk mata ne, biyu suna aure a Yanbu, ɗaya a Aƙiƙ, ni kaɗai ne namiji. Saboda haka duk wani abu na Baba, daga magani har rigima, a kaina yake sauka.

Rigimar kuwa guda ɗaya ce. Tun da ya ajiye aikin masinja a wata makaranta, Baba ya ɗorawa kansa wani aikin da ba wanda ya ba shi, wato bin gawa. Duk wanda ya taɓa salla a Harami ya san yadda abin yake. Ana sallamewa sai a yi kiran sallar jana'iza, jama'a su miƙe su yi kabbara huɗu a kan mutanen da ba su san ko sunansu ba, sannan kowa ya nemi takalminsa. Baba ba ya neman hanyar gida. Yana zuwa ya tsaya ta inda ake fitowa da makaru, ya bar masu dangi da jama'a su wuce, ya jira wadda ba kowa a bayanta, ta baƙon da ya zo ibada ajali ya same shi a nan. Ita yake bi har maƙabartar Baƙi'a. Ya sa kafaɗa, ya zuba ƙasa, ya tsaya ya yi addu'a, ya dawo gida da ƙura har gwiwa. Matata ta wanke riguna har ta daina magana.

Da yana da ƙarfi ban damu ba. Amma gwiwoyinsa sun lalace, likita ya hana shi doguwar tafiya, shi kuwa ko a jikinsa. Sau da yawa ina dawowa daga aiki kaina yana sarawa, kafin in cire takalmi sai in gan shi zaune a bakin gado da sandarsa, ya sa hula, yana jiran in kai shi la'asar. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da likita, na haɗa shi da amininsa, wani tsohon tela mutumin Sudan da muke kira Kawu. Ashe Kawun ma tare suke zuwa. Duk ranar da na ƙi kai shi sai ya tari tasi, ni kuma in zauna a gida zuciyata tana tafasa, daga ƙarshe in tashi in bi shi.

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana, ina kwance a falo ina neman barci, babbar 'yata ta zo ta tsaya a kaina da waya. A jami'a take. Tana jin Hausa sarai, ko raɗa aka yi sai ta ji, amma da Larabci take amsawa, sai dai in kakanta ya matsa mata. Ita da ƙawayenta suna da wata gasar kacici-kacici a waya, ana turo tambaya duk mako, wanda ya fara amsawa ya ci maki. Makin nan ba ya sayen ko burodi, amma yadda take ɗaukarsa sai ka ce jarrabawar fita.

"Abuya, kai da ka kalli finafinan da," ta ce, "duba wannan."

Hotuna huɗu ne. Uku na wasu manyan gine-gine a ƙasashe daban-daban, kowanne da dutse a shimfiɗe, ɗaya da wuta tana ci a gabansa, ɗaya da soja a tsaye ƙyam da bindiga. Na huɗun hoton wani tsohon fim ne, irin na jiragen da ke yawo tsakanin taurari, da wasu halittu masu dogayen kawuna. Tambayar ita ce: me ya haɗa waɗannan huɗun?

Gaskiya ne na kalli irinsu da ƙuruciya, lokacin kaset ɗin bidiyo, a ɓoye a gidan wani abokina. Amma duk sun cakuɗe mini a kai. Na ce mata ban sani ba, ta bar ni in yi barci. Ba ta tafi ba. Ta zauna a hannun kujera tana bincike tana karantowa da ƙarfi, wai waɗannan ukun kaburburan sojan da ba a san ko wane ne ba, kowace ƙasa da nata.

Ashe Baba yana ji daga ɗakinsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Amarya, zo nan. Me kika ce? Da Hausa, ba da yaren kishiyoyinki ba."

Haka suke, shi ya kira ta amarya, ita ta ce ba ta auren tsoho marar haƙori. Ta shiga da wayar, ni ma barcin ya gudu, na bi bayanta na tsaya a bakin ƙofa.

"Ya Sidi, kabari ne," ta ce, tana haɗa Hausar da ƙyar. "Na soja. Ya mutu a yaƙi, ba a san sunansa ba. Sai aka yi masa gini babba."

"Ba a san sunansa ba, kuma aka yi masa gini?"

"Aiwa. Ya'ani, a madadin duk waɗanda suka ɓace."

Ya karɓi wayar ya kai ta kusa da idonsa. Ya tambayi wutar ta mece ce, ta ce ba a barin ta ta mutu, dare da rana. Ya tambayi sojan da ke tsaye, ta ce gadi yake, in ya gaji wani ya karɓe shi. Baba ya girgiza kai ya ce wa zai sace mutumin da ba shi da ko suna. Sai ya tambayi abin da ni bai zo mini a rai ba: a cikin dubban da suka mutu, ta yaya aka zaɓi wannan? Ta sake dubawa ta karanta, ta fassara masa. Wai a wata ƙasar akwatuna aka jera iri ɗaya sak, aka yi ta sauya musu wuri har waɗanda suka kawo su ma suka kasa gane wanne ne wanne, sannan aka sa wani ya nuna ɗaya.

"To uwarsa fa?" in ji Baba. "Tana iya zuwa ta tsaya a gabansa ba ta sani ba?"

"Tana iya cewa nata ne. Kowace uwa tana iya cewa haka."

"Cewa daban," ya ce. Ya miƙa mata wayar. "Wa ya sa shi a ramin?"

Ta ce ba a rubuta ba.

Na san labarin da zai biyo baya, don na ji shi ya fi a ƙirga, har na juya zan koma falo. Baba yana ƙaramin yaro iyayensa suka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, a ƙasa, su yi noma a nan su tara guzuri, su yi gaba. A wani ƙauye tsakanin Chadi da Sudan zazzaɓi ya kwantar da mahaifinsa, bai tashi ba. Mutanen ƙauyen suka zo suka ɗauke shi, suka yi masa sutura, suka dawo suka ce an gama. Kakata mace ce, ba ta je ba. Baba yaro ne, ba a kai shi ba. Washegari ayari ya tashi. Har ya tsufa bai san sunan ƙauyen ba, balle fuskar waɗanda suka binne ubansa. Yakan ce mutanen kirki ne, Allah ya saka musu, amma ba nasa ba ne.

A ranar bai ba da labarin ba. Ni ya kira.

"Kai, dawo nan. Ka ji abin da ta karanta?"

"Na ji, Baba."

"Ni ban ce a kunna mini wuta ba. Ban ce a sa mini soja ba. Suna ma ba a rubutawa a nan, kuma haka ya fi. Abu ɗaya nake so. Ranar da tawa ta zo, kai za ka shiga ramin. Hannunka zai sa ni, ba na wani ba."

Na gaji a ranar, kuma ba na son irin wannan magana bayan cin abinci. Na ce, "Haba Baba, in ba ni ba wa zai sa ka? Kana da wani ɗan ne a ɓoye?"

"Ban tambaye ka wasa ba."

"To na ji. Ni zan sa ka, in Allah ya kai mu."

Ya dubi 'yata ya ce, "Amarya, ke ce shaida." Ta ce masa ita ba ta shaidar mutuwar miji, ya bari sai ta gama karatu. Ya yi dariya har da tari, aka bar maganar a nan.

Amsar kacici-kacicin ta fito bayan 'yan kwanaki, kuma wata ƙawarta ce ta ci. Wai a farkon fim ɗin, da halittun nan suka sauko duniya, gine-ginen nan uku suna cikin abubuwan da aka nuna suna rugurgujewa. Shi ke nan abin da ya haɗa su. 'Yata ta yi ta ƙorafi wai tambayar ba ta da adalci. Da ta gaya wa Baba, sai ya ce, "Bawan Allah, ya rasa ransa, ya rasa sunansa, ramin ma ba su bar masa ba." Daga nan duk lokacin da ya gan ta da waya sai ya tambaye ta ya sojansu, an gyara masa ginin kuwa?

Bai ƙara cika shekara yana bin gawa ba. Gwiwoyin suka ƙi gaba ɗaya, sannan ƙirji ya biyo baya, sai asibiti da gida, gida da asibiti. Rigimarmu ta ƙare ba tare da wani ya ci ba. Abin da ya maye gurbinta shi ne ɗauka. Kullum kafin in fita aiki sai na ɗauke shi daga gado na kai shi banɗaki na yi masa wanka, in na dawo in sake. Baba dogo ne, ya fi ni tsawo, amma ciwo ya cinye shi har ya zama ina ɗaga shi kamar damin kara. Ƙafafunsa suna reto ta gefen hannuna, ƙashin kafaɗarsa yana sukar ƙirjina. Ba zan ce na yi wannan hidimar kullum da sakin fuska ba. Akwai safiyar da nake yi ina kallon agogo, ina tunanin alhazan da ke jirana a ƙofar otal. In ya ji kiran la'asar daga masallacin unguwa yakan ce, "Yau ko wa ya bi na baƙi?" In ce masa Allah ba ya rasa bayi, ya kwanta ya huta.

Ya rasu da hantsi, a kwanakin da alhazai suka gama hajji suka cika Madina maƙil. A irin wannan lokaci garin ba ya numfashi. Na yi zirga-zirgar takardu, aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, muka rufa masa alkyabbarsa ruwan ƙasa a kan makara, irin wadda kusan kowane dattijo a garin nan yake da ita a rataye. 'Yan'uwana na Yanbu suna hanya, mazajensu suna wurin aiki ba a same su da wuri ba. Amma mutanen unguwa sun fito, Hausawan Ƙurban manya da yara, har da Kawu tela yana dogara sanda. Aka ce za a yi masa salla a Harami bayan la'asar.

Makaru da yawa aka jera a ranar. Ban ƙirga ba. Aka yi salla, aka ɗaga su kusan a tare, aka nufi Baƙi'a.

Wanda bai taɓa shiga wannan tafiyar ba ba zai gane saurinta ba. Ba a tafiya da gawa a hankali a nan. Kuma ba dangi kaɗai ke ɗauka ba, kowa so yake ya sa kafaɗa ya samu lada, ya yi 'yan taku ya ba wani wuri, wani ya ba wani. Makara tana gudu a saman kawuna, hannuwan da ke ƙarƙashinta suna sauyawa ita ba ta tsayawa. Ina riƙe da ƙafar gaba ta dama, wani ƙato ya dafa ni ya ce in ba shi, na ƙi, wani ya shigo ta ƙarƙashin hannuna, kafin in ankara ina baya. Ban damu sosai ba, don ina ganin alkyabbar. A daidai hawan da ake shiga maƙabartar sai na ji an kama rigata. Kawu ne, sandarsa ta zame, ya durƙusa, jama'a na neman bi ta kansa. Na sunkuya na ɗaga shi, na miƙa shi ga wani yaron unguwa. Da na ɗago kai na hango alkyabba ruwan ƙasa a gaba ta hagu, tana tafiya. Na kutsa na bi ta da gudu.

Mutanen unguwa kuwa ba makara suke kallo ba. A cikin wannan turmutsitsi wa zai iya? Ni suke kallo. Ɗan mamaci ya yi hagu, sai kowa ya yi hagu. Haka na ja Hausawan Ƙurban kakaf a bayana.

Muka isa bakin ramin, aka sauke. Ma'aikacin wurin ya buɗe baki zai tambayi wane ne nasa, ban bari ya ƙarasa ba, na cire takalmi na dira ciki. Wani maƙwabcinmu ya biyo ni. Aka yaye alkyabbar, aka miƙo shi ta wajen kai, na tara hannuwana na karɓa.

Nan take na sani. Wannan mutumin gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai nauyi, har sai da gwiwata ta lanƙwashe. Hannuwan da suka yi watanni suna ɗaukar Baba safe da yamma ba sa bukatar a buɗe musu fuska. Na ɗaga kai na dubi bakin ramin. Duk fuskokin da ke leƙowa na sani, mai shagon kayan miya, limamin masallacinmu, 'ya'yan maƙwabta. Babu baƙuwar fuska ko ɗaya, babu mai kuka da wani yare. Wannan bawan Allah ba shi da kowa a wurin, mu ne jama'arsa, kuma bisa kuskure muka zo.

Na sha tunanin wannan lokacin. Da na ce wa maƙwabcina riƙe, na haye na ruga, wataƙila da na iske Baba ba a sa shi ba. Wataƙila. Ba zan ce tsoron Allah ne ya tsayar da ni ba, ko na tuna wata maganar Baba, don ban tuna komai ba. Kan mutumin yana cikin tafin hannuna, ramin ƙunci gare shi, babu inda zan ajiye shi sai inda ya kamata. Na kasa sakin kan mutum ya bugi ƙasa. Na ce bismillahi, muka kwantar da shi a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, na kwance ƙullin likkafanin, na gyara masa kafaɗa. Aka miƙo tubali muka jera. Ina yi maƙwabcina yana ce mini in yi haƙuri, Baba ya huta.

Da aka jawo ni sama na ce, "Ba Baba ba ne."

Ba wanda ya gane da farko. Liman ya dafa ni yana cewa in yi salati. Na ture hannunsa, abin da ban taɓa yi ba, na ce da ƙarfi ba Baba ba ne, mun biyo ta wani. Na bar takalmina a wurin na ruga.

Baƙi'a fili ne mai faɗi, tudun ƙasa bayan tudun ƙasa, kowanne da ɗan dutse, babu rubutu. Can da nisa ƙungiyoyi ne na mutane a tsaitsaye, kowace a bakin nata ramin. Na je ta farko, wasu fararen mutane ne suna kuka. Na je ta biyu, mace ce. Ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa ban ji ba sai daga baya. A ta uku na hango alkyabba ruwan ƙasa an naɗe an ɗora a kan makarar da ba kowa a cikinta. Na ɗaga ta, na ga inda matata ta taɓa ɗinke aljihun da baƙin zare.

An riga an rufe. Ana yayyafa ruwa, mutane sun fara juyawa. Ma'aikacin da ke wurin ya ce sun yi ta kiran dangin mamaci, sun ɗan jira, ba wanda ya amsa, ga rana, ga wasu na tafe. Ba laifinsa ba ne, ni ma da ni ne haka zan yi. Na tambaye shi wa ya shiga. Ya nuna mini wani mutum yana kakkaɓe wandonsa, wani siriri mai jan gemu, da ganinsa baƙo ne daga wata ƙasa mai nisa. Na je na tsaya a gabansa. Ya dube ni, ya dubi kabarin, ya ce da guntun Larabcinsa, "Abuka?", wato ko mahaifina ne. Na gyaɗa kai. Ya kama hannuna da nasa biyu, sannan ya kwatanta mini yadda ya tallafi kan, ya kwantar da shi a hankali, ya sa tafin hannunsa a kumatunsa don in gane ya juya shi daidai. Ya faɗi wasu kalmomi da yarensu, ya sake ni ya tafi. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi na Baba ba.

Mutanen unguwa suka iso a baya, suna haki, suka kewaye kabarin aka yi addu'a. Na ɗebi ƙasa na zuba a kan wadda aka riga aka zuba. A hanyar fita kowa yana da abin faɗa mini. Liman ya ce in dubi hikimar Allah, mutumin da ya yi shekaru yana binne baƙi, ga shi Allah ya aiko masa baƙo, ya kuma aika ɗansa ga wani baƙon. Kawu yana hawaye yana cewa, "Ya waladi, wallahi da yana gani da ya yi murna." Har yau in an tuna Baba a unguwa wannan labarin ake bayarwa, an gyara shi ya yi kyau, har da masu cewa karama ce. Ina jin su, ba na musu, don na gaji. Wataƙila gaskiyarsu ne. Amma ni na san abin da ya roƙa, ina tsaye a bakin ƙofa ya roƙe shi, kuma ba wannan ba ne. Uba ya roƙi ɗansa abu ɗaya, abin da ko kuɗin mota ba ya ci, bai samu ba. Wannan yana ci mini rai, kuma babu wa'azin da ya rage shi.

Kafin magariba na isa gida, ba takalmi. Mata sun cika falo, 'yan'uwana na Yanbu sun iso, ana jin kukansu tun daga matakala. Ban shiga ba, na tsaya a ƙofar ɗakin Baba. Sandarsa tana jingine a inda take, hularsa a kan matashi. 'Yata ta fito daga cikin mata ta same ni a nan, idanunta sun kumbura. Ba wanda ya matsa mata, amma da Hausa ta yi maganar.

"Abba, kai ka sa shi?"

Na ce, "A'a."

Ta dubi rigata, gwiwoyin sun yi jajir da ƙasa, hannuwan ma haka har gwiwar hannu, ƙasar rami ce, ba ta bakin rami ba.

"To wannan ƙasar ta wa ce?"

Na ce mata ban san sunansa ba.